Zalika Sule: tauraruwar da ƴan kallo suka so, suka kuma tsangwama

Ranar 27 ga watan Yuli na shekarar 2021 Allah ya yi wa Zalika Sule rasuwa a birnin Yamai, tana da shekara 73 a duniya. Ga samarin yanzu, waɗanda suka buɗe ido da fina-finan Kano da na Indiya cikin salula, sunan ba ya tuna musu komi. Amma ga dattawan da suka yi ƙuruciya zamanin Jori Hamani da Seni Kunce, tsofaffin ma'aikata da ƴan kasuwar da suka sha layi ƙofar silima, labarin ya zo kamar rasuwar ƴar'uwa. Ita ce macen farko a ƙasar Nijar da ta ɗauki wasan silima sana'a, kuma masana tarihin silima na lissafa ta cikin na farkon farko a duk Afirka ta kudu da Sahara. Da Faransanci ana rubuta sunanta Zalika Souley, kuma da wannan rubutu ne ya zagaya duniya.

Tarihinta ya cancanci a tsaya a kansa, domin ya ƙunshi tambayar da har yau ba a amsa ba: mine ne haƙƙin ɗan wasa bisa jama'ar da ta tafa masa?

Budurwa bisa doki

An haifi Zalika a Yamai cikin shekarar 1947. Ba ta cika shekara 20 ba lokacin da Mustafa Alasan ya sa ta cikin fim ɗinsa mai suna Le Retour d'un aventurier, wanda ya fito a 1966. Labarin wani saurayi ne da ya komo gida daga Amurka da akwati cike da kayan kaboyi, huluna da takalma da bindigogi, ya rarraba wa abokansa. Kowa ya sake suna, suka hau dawaki, suka addabi ƙauyensu da faɗa da sata, har wasa ya zama jini. Mace ɗaya ce cikin gungun, ana ce mata Reine Christine, wato Sarauniya Kiristin, kuma Zalika ce ta fito a ita.

Sai an tuna yadda Yamai take a lokacin kafin a gane girman abin. Shekara 6 ke nan da samun mulkin kai. Gidajen silima na nuna kaboyin Amurka da fina-finan Indiya da na Masar, ba wanda ya saba ganin fuskar ɗan unguwarsu bisa farin bango. Kwatsam sai ga ɗiyar gari da wando da malafa, ta ɗare doki, tana sukuwa cikin daji tare da maza. Samari suka ruɗe da sha'awa, dattawa suka kama baki. Wani Bafaranshe, Serge Moati, ya ɗauki hoton yadda aka yi aikin, ya fitar da nasa fim mai suna Les cow-boys sont noirs, ma'ana kaboyin baƙaƙe ne. Tun daga ranar sunan Zalika ya shiga bakin mutane, bai sake fita ba.

Kishiyar da ba a manta ba

Mafi yawan sunanta ta same shi ne cikin fina-finan Umaru Ganda, tsohon sojan Faransa da ya yi yaƙin Indoshin, ya yi dako a tashar jiragen ruwa ta Abijan, kafin Jean Rouch ya sa shi cikin fim ɗin Moi, un noir a 1958. Da Ganda ya fara shirya nasa, Zalika ya nema.

Na farko shi ne Cabascabo, wanda aka gama a 1968, cikin harshen Zabarmanci. Labarin tsohon soja ne da ya komo daga yaƙi da kuɗin sallama, abokai da mata da maroƙa suka kewaye shi har aljihu ya bushe, sa'an nan kowa ya kama gabansa. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Zalika ta fito cikin masu cin dukiyar tasa. A 1969 aka nuna fim ɗin a bikin Cannes na ƙasar Faransa, ya kuma samu lambar yabo a Mosko.

Na biyu, Le Wazzou polygame, shi ne ya fi tsaya wa mutane a rai. Kalmar wazzou ita ce wa'azi. Wani attajiri ne ya komo daga Makka da sunan Alhaji, yana da mata biyu, sai ya ƙyalla ido bisa wata budurwa, Satu, wadda aka riga aka yi wa saurayinta Garba alkawarinta. Kuɗi suka yi aikinsu, aka ɗaura aure, Garba ya bar gari da baƙin ciki. Matar Alhaji ta biyu, Gaika, ta ƙudura cewa amarya ba za ta kwana gidan ba. Cikin duhun daren biki ta kai hannu, sai ta kashe ɗaya daga cikin ƙawayen amarya bisa kuskure. Zalika ce ta ɗauki nauyin wannan kishiya. A 1972, shekarar da bikin FESPACO na Wagadugu ya fara ba da babbar kyautarsa ta Dokin Yennenga, wannan fim na Nijar ne ya ɗauke ta.

A cikin 1972 ɗin ta fito a Saïtane, inda Ganda ya tona asirin malamin tsibbu mai yi wa attajiri kawalcin matar aure. Ta kuma fito a F.V.V.A. na Mustafa Alasan, wanda haruffansa huɗu ke nufin mata, gida, mota, kuɗi. Shi wannan fim kamar don ma'aikata aka yi shi: ƙaramin ma'aikaci ne da buƙatun dangi da son a san shi suka tura ya taɓa kuɗin biro, ya ƙare gidan kaso. Daga baya ta yi L'Exilé na Ganda a 1980, da Aube noire na Jingare Maiga a 1983, da Pétanqui na Yeo Kozoloa a ƙasar Kodibuwar cikin wannan shekara.

So da tsangwama

Abin da masoyanta ke yabo a gare ta ya wuce kyan fuska. Ba ta yi lakkol ɗin wasan kwaikwayo ba, amma in ta tsaya gaban na'ura sai mutum ya manta akwai na'ura. Harara ɗaya ta ishe ta bayyana abin da wata za ta yi dogon zance a kai. Mugun hali da take nunawa kuwa yana da dalili. Kishiyar Wazzou mace ce da aka wulakanta, aka auro yarinya a kanta ba tare da an tambaye ta ba, kuma matan da suka san zafin haka suna iya ƙin abin da ta aikata ba tare da sun kasa gane abin da ya kai ta ba. Shi ya sa ake fita silima ana gardama, wasu na tsine mata, wasu na cewa laifin Alhaji ne. Wannan gardama ita ce abin da Ganda ke nema, kuma da hannun Zalika ya same ta.

To, amma tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Yawancin ƴan kallon wancan zamani ba su saba rarrabe mai wasa da abin da ya fito a shi ba. Wanda ya ga an yi kisa da idonsa, a ganinsa an yi kisa. Namiji in ya fito a ɓarawo, gobe a kasuwa a yi masa ba'a a wuce. Mace kuwa in ta fito a karuwa ko maciya amanar miji, sunan ya bi ta har gida. Da yake mata masu yarda su ɗauki irin waɗannan matsayi ba su da yawa, sai suka taru bisa kan Zalika, fim bayan fim, har aka riƙa kiranta muguwar macen silimar Afirka. Ta kuma ƙara da sa wando cikin gari, abin da a lokacin ake ɗauka rashin kunya. Mutanen da suka biya kuɗi don su gan ta da dare, cikinsu ne ake samun masu zunɗen ta da rana.

Irin wannan zargi bai tsaya ga silima ba. Matan da suka hau dandalin teyatur a gidajen samariya, da waɗanda suka yi wasan kwaikwayon rediyo da tele, sun san yadda dangi ke duban ɗiyar da ta tsaya gaban jama'a tana kiran wani mijinta alhali ba a ɗaura ba. Sai dai Zalika ita ta fara shan zafin, a lokacin da babu wadda za ta nuna ta ce ga wadda ta yi kafin ni.

Ranar da fitila ta mutu

A shekarun 1960 da 1970 Nijar na cikin ƙasashen da ke gaba wajen silima a Afirka. Tana cikin ƙasashe 5 na Afirka da suka kai fina-finai bikin farko na Wagadugu a 1969. Amma ginin ba shi da tushe mai ƙarfi. Ana ɗaukar hoto a gida, a aika da shi Faransa a wanke a haɗa, kuma kuɗin aikin sau da yawa daga taimakon Faransa suke fitowa. Ƴan wasa ba su da albashi, ba su da fansho, ba su da wani kaso da ke komo musu duk lokacin da aka nuna fim a wata ƙasa. Abin da aka ba mutum ranar aiki, shi ke nan.

Umaru Ganda ya rasu ranar 1 ga watan Janairu na 1981, yana da shekara 45. A daidai lokacin ne farashin uraniyom ya karye, baitulmali ya rame, aka shiga tsuke bakin aljihu. Kaset na bidiyo ya shigo, kowace unguwa ta samu rumfar kallo mai araha, manyan gidajen silima suka rasa jama'a, aka yi ta rufe su ɗaya bayan ɗaya. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100, duk kayan aikin da ake sayowa waje suka ninka. Gwamnatin da ma'aikatanta ke bin ta bashin albashi na watanni ba ta da abin ba mai shirya fim. Ganda an sa sunansa ga babban gidan al'adu na Yamai, an kuma sa shi ga kyautar da FESPACO ke ba fim ɗin farko na mai shiryawa. Ita kuwa wadda fuskarta ta ɗauki fina-finan nasa, aiki ya yanke mata, ba ta da wata ajiya.

Al'lèèssi

Rahamatu Keita, ƴar jarida kuma mai shirya fim, ɗiyar Nijar, ita ta je ta nemo ta. Fim ɗin tarihi da ta yi a kanta, Al'lèèssi, wanda sunansa ke nufin ƙaddara da harshen Sonrai, ya fito a 2004, aka kuma nuna shi a Cannes a 2005. Cikinsa aka ga matar da ta taɓa wakiltar ƙasarta a bukukuwan duniya tana zaune da ƴaƴanta cikin gida mai ɗaki biyu, babu famfo, tana fama da abin sawa a tukunya. Ta ba da labarinta da bakinta, abokan aikinta na da su ma suka faɗi nasu. Fim ɗin ya ƙare da sanarwar cewa a shekarar 2000 ta bar ƙasa ta tafi aikin boyi a waje.

Masu kallo a Turai da Amurka sun ji tausayi, jami'o'i suka sa fim ɗin cikin karatunsu. Zalika ta zama inuwar giginya, na nesa ka sha ta. A gida kuwa, mutane da yawa da ke alfahari da kyautar 1972 ba su taɓa tambayar inda ta kwana ba.

Bashin da ya rage

Yabon gwani ya zama dole, amma yabo ba ya biyan haya. Abu biyu ne suka rage wa masoyanta, kuma duka biyu ana iya yin su.

Na farko shi ne a maido da fina-finan gaban jama'a. Kwafinsu na ajiye mafi yawa a waje, musamman a ma'ajiyar fina-finan Afirka da ke Paris. Ma'ajiyar Wagadugu, wadda aka kafa a 1989, ambaliyar ranar 1 ga watan Satumba na 2009 ta yi mata ɓarna, abin da ya nuna cewa faifai ɗaya a ɗaki ɗaya ba ajiya ba ce. Mustafa Alasan, wanda ya yi shekaru da dama zaune a Tawa, ya rasu a 2015. Bayan shekara 2 wani babban gidan tarihi na birnin New York ya shirya bikin nuna ayyukansa. Abin da aka iya yi a Amurka bai fi ƙarfin Maraɗi ko Damagaram ba. Farin bango, na'ura ɗaya, da izinin masu haƙƙi sun isa, kuma fassara Wazzou daga Zabarmanci zuwa Hausa aiki ne da attajiri ɗaya zai iya ɗaukar nauyinsa. Zancen auren dole da kishi da cin amanar biro bai tsufa ba.

Na biyu ya shafi masu rai. Tun da aka fara fina-finan bidiyo na Hausa a Kano da Turmin Danya a 1990, kudancin Nijar ya zama babbar kasuwarsu, kuma ɗiyan ƙasar da dama sun shiga sana'ar, nan gida da can ƙetaren iyaka. Har yau wadda ta iya fitowa a muguwar kishiya ita ke shan zagi, har yau kwangila a rubuce da tanadin tsufa ba su zama al'ada ba. Ma'aikacin da ke riƙe da takardun al'adu a biro, da ɗan kasuwar da ke zuba kuɗi cikin fim, su ke da ikon gyara wannan, tun kafin wata ta tsufa cikin ɗaki biyu.

Zalika Sule ta yi kusan shekara 20 tana ɗaukar zunuban da ba nata ba don jama'a su ga kansu. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta.