Lambar TDS: Abin da take faɗa kan ruwan Birnin Kudu da Gwaram, da abin da ba ta faɗa

Akwai wata 'yar na'ura mai kama da biro da ake tsomawa cikin ruwa, nan take ta nuna lamba. Masu kiwon kifi da masu sarrafa ruwan leda sun san ta. Abin da take aunawa shi ne TDS, wato jimillar gishiri da ma'adanan da suka narke cikin ruwa, a ma'aunin miligiram a kowace lita. Matsalar ita ce a ɗauki wannan lamba a matsayin shaidar cewa ruwa ya dace da sha.

Nawa ne daidai?

Ya danganta da amfanin da za a yi da ruwan. Masu ajiye kifin ado a akwatin gilashi mai shuke-shuke galibi suna neman tsakanin 100 da 300. Idan lambar ta yi ƙasa ainun, shuke-shuken ba sa samun ma'adanan da suke bukata. Idan ta yi sama, ko ta sauya farat ɗaya, kifi na galabaita. Tarwaɗa da karfasa sun fi juriya, amma su ma ragowar abinci da kashinsu na ɗaga lambar a hankali. Da bazara ruwa na tashi a tururi ya bar gishirinsa, don haka ciko kaɗai ba ya magani, sai an kwashe wani sashe na ruwan an zuba sabo.

Ga ruwan sha kuwa, ƙa'idar Najeriya da hukumar SON ta fitar a 2007 ta sanya iyaka a 500. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ruwan da bai kai 600 ba yana da daɗin sha, wanda ya haura 1,000 kuma ɗanɗanonsa na lalacewa, abin da Bahaushe ke kira zartsi.

Inda lambar ke yaudara

Birnin Kudu da Gwaram suna zaune ne a kan tsofaffin duwatsu masu tauri, saɓanin arewa maso gabashin Jigawa mai rairayi da laka. Irin waɗannan duwatsu ba sa narkewa da sauƙi, shi ya sa ruwan da ke fita daga cikinsu kan nuna ƙaramar lamba. Amma ruwan na taruwa ne a tsagogin dutse da ruɓaɓɓen samansa, inda ƙazantar masai ko takin gona ke iya kutsawa, musamman da damina.

Na'urar tana auna yadda ruwa ke ɗaukar lantarki ne kawai, ba ta ganin ƙwayar cutar kwalara. A 2021 cutar ta hallaka fiye da mutum 3,000 a Najeriya, Jigawa kuma na cikin jihohin da ta fi yi wa ɓarna. Haka lamarin yake ga dalma: iyakarta a ruwan sha miligiram 0.01 ne, ko ta ninka hakan sau goma, da wuya lambar ta motsa.

Abin da ya kamata a tambaya

A watan Oktoban 2022 aka ayyana Jigawa a matsayin jiha ta farko da ta kawo ƙarshen bahaya a fili. Nasara ce, sai dai ƙaruwar masai na wajabta lura da tazarar da ke tsakaninsu da rijiyoyi.

Saboda haka, duk lokacin da kansila, ɗan majalisa ko wata ƙungiya za su miƙa rijiyar burtsatse, jama'a na da haƙƙin neman takardar ɗakin gwaje-gwaje mai kwanan wata, wadda ta nuna sakamakon ƙwayoyin cuta, da na sinadarin naitiret mai iyaka 50, da fuloraid mai iyaka 1.5. Hukumar RUWASA, mai kula da ruwan karkara a jihar, ita ce wurin kai wannan tambaya. Lambar TDS ta isa ta shaida wa mai kiwon kifi lokacin sauya ruwa, amma ba ta isa ta tabbatar wa uwa lafiyar ruwan da za ta shayar da ɗanta ba.