Kwari Da Baka: Yadda Za A Koya Wa Iyali Wasan Harbi Ba Tare Da An Yi Da-Na-Sani Ba

Duk wanda ya zaga ƙauyukan Birnin Ƙonni da Malbaza da Illela bayan an kwashe amfanin gona, zai ga yara sun jera gwangwanaye a kan katanga suna gwada sa'a da danƙo, wasu kuma sun tanƙwara ɗanyen icce sun ɗaura masa igiya wai su ma sun yi baka. Sha'awar harbi dai tana cikin jinin yaro, ko an koya masa ko ba a koya masa ba. Abin tambaya shi ne, wa zai ɗora shi a hanya kafin ya tsiyaye idon ƙanensa?

Harbi ba baƙon abu ba ne a wannan yanki. A yaƙin Tabkin Kwatto na shekarar 1804, can wajen Gudu a tsallaken iyaka, 'yan baka sun taka muhimmiyar rawa wajen karya dawakin Gobir. Haka nan a watan Afrilun 1899, da kibau mutanen Sarauniya Mangu suka tari sojojin Voulet da Chanoine a Lugu, kafin wannan runduna ta Faransa ta iso ta yi wa Birnin Ƙonni mummunar ɓarna a watan Mayu. Har gobe kuma ana jin sarautar Sarkin Baka a ƙasar Hausa. Sai dai daji ya ƙare, gonaki sun cinye shi, namun dawa sun yi ƙaranci, bakunan kakanni kuwa na rataye a ɗakuna gara na ci. Bugu da ƙari, farauta ba ta kowa da kowa ba ce, domin doka mai lamba 98-07 ta ranar 29 ga Afrilun 1998 ita ta tsara yadda ake yin ta da kuma kare namun daji a Nijar.

To amma harbin abin bara, wato a kafa alama a gwada iya saiti, ba ya buƙatar ran ko da kurciya guda. A duniya wasa ne mai daraja, wanda ya dawo cikin gasar Olamfik a shekarar 1972 a birnin Munik na Jamus. Ana tsayawa ne a nisan mita 70, faɗin allon santimita 122, tsakiyarsa mai maki goma kuwa santimita 12.2 ce kacal. Ga masu cewa wannan harka ta maza ce zalla, sai su sani cewa ƙungiyar matan Koriya ta Kudu ta ci zinare sau 10 a jere, daga 1988 zuwa gasar Faris ta 2024. Malamanmu ma kan kawo cewa Sayyidina Umar ya yi nasihar a koya wa yara iyo da harbi da hawan doki.

Mai karatu zai iya cewa, ina batun bindiga? Gaskiya ne a Turai da Amurka iyaye kan kai 'ya'yansu filayen harbi masu rajista, inda ake fara su da bindigar iska daga nisan mita 10. Mu kuwa halin da muke ciki daban ne. Riƙe bindiga a Nijar sai da izinin hukuma, kuma tun 1994 aka kafa hukumar CNCCAI domin tattara makaman da ke hannun jama'a ba bisa ƙa'ida ba. A yankin da 'yan bindiga suka addabi garuruwan bakin iyaka, ƙarar harbi guda a bayan gari ta isa ta watsa kasuwa. Saboda haka magidanci mai hankali ba zai miƙa wa yaro bindigar toka da sunan wasa ba. Kwari da baka sun wadatar, ga araha ga rashin tayar da hankali.

Abu na farko shi ne wuri. A nemi fili nesa da hanyar rijiya da burtalin dabbobi, wanda ke da tudu ko doguwar katangar ƙasa a baya, yadda kibiyar da ta kuskure za ta tsaya nan. A sanar da mai gari tukuna, idan taron zai yi yawa kuma a gaya wa jandarmomi. Buhun da aka danƙare da tsummoki ya isa abin bara, sai a zana masa da'ira da gawayi.

Na biyu, kayan aiki. Kada a ba sabon shiga bakan babba, domin idan tsirkiya ta fi ƙarfinsa, hannu zai yi ta rawa, kafaɗa ta yi ciwo, daga nan sai ya tsani abin. A samo baka mai laushi da kibau marasa kunne. Babban gargaɗi a nan shi ne, kada a kuskura a zaro tsohuwar kibiya daga kwarin kaka, saboda dafin kwankwani kan daɗe bai mutu ba, ƙwarzane kaɗan na iya zama ajali. A duba kowane kyauro, wanda ya tsage a karya shi a jefar. A ɗaura wa yaro 'yar fata a hannun da ke riƙe da baka don kada tsirkiya ta zane shi.

Na uku, wanda ya fi komai, shi ne ladabi. A ja layi a ƙasa, kowa ya tsaya bayansa. Ba a ɗana kibiya sai babba ya ba da umarni, ba a nuna mutum ko dabba da ita ko da raha, ba a harba ta sama, ba a kuma zuwa kwaso kibau sai kowa ya ajiye bakansa. Mai zare kibiya daga buhu ya waiwaya tukuna, kada gindinta ya sami idon na bayansa. Haka kuma ba a sakin tsirkiya babu kibiya, domin hakan na tsaga baka. Yaron da ya karya ɗaya daga cikin waɗannan, a zaunar da shi ranar, ko da kuwa shi ne ɗan lele.

Sannan a fara daga kusa, kamar mita 5, sai hannu ya faɗa a matsa zuwa 10. Yaron da ya sami buhu a ranar farko gobe shi zai tashe ka, wanda kuwa aka yi wa dariya ba zai dawo ba. A gano idon da ya fi saiti da shi: ya nuna wani abu da yatsa idanu biyu a buɗe, sannan ya rufe su ɗaya bayan ɗaya, idon da yatsan bai gusa ba shi ne nasa. Kada a wuce rabin awa, a tashi tun marmari bai ƙare ba.

A ƙarshe, kira ga sarakunanmu da magadan gari da shugabannin makarantu, su nemo tsofaffin maharban da suka rage su zama malaman wannan wasa tun suna raye. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma yaron da ya koyi tsayawa bayan layi har a ba shi izini, ya koyi abin da ya fi harbi. Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.