Na'urar Kunne ta Matuƙin Jirgin Sama



Duk wanda ya zauna a Rusaifa, watau unguwar nan ta Makka inda Hausawa suke da yawa, ya san rugugin jirage masu saukar ungulu da ke shawagi bisa birnin a lokacin aikin Hajji. To, in ƙarar ta dami wanda ke ƙasa, ina ga matuƙin da ke zaune ƙarƙashin farfela? Yau za mu duba na'urar da yakan sa a kunne, da yadda ake zaɓenta.

Ana auna ƙarfin ƙara da ma'aunin da ake kira desibel. Ƙarar da ta kai desibel 85, in mutum yana shan ta sa'a takwas kullum, takan ci jinsa sannu a hankali, jin da ya tafi ta wannan hanya kuwa ba ya komowa. A cikin irin waɗannan jirage ƙara takan haura 90. Ban da kurunta akwai wani haɗari, watau kalma guda ta kuɓuce wa matuƙi daga umarnin da ake ba shi ta rediyo.

Na'urar iri biyu ce. Ta fari ƙoƙuna biyu ne masu soso a ciki, suna rufe kunne ruf, suna rage wajen desibel 23. Ba ta da tsada, tana kuma da ƙarko, amma gunjin inji yakan ratsa ta. Ta biyu tana da ɗan makirufo da ke jin gunjin, sa'an nan ta fitar da sautin da yake kishiyarsa, su kashe juna kamar yadda ƙasar tudu ke cike kwari. Wani Bajamushe, Paul Lueg, ya yi rajistar wannan dabara a Amurka a 1936, amma sai a 1989 kamfanin Bose ya fara sayar wa matuƙa irinta. Tana bukatar batir, kuɗinta kuwa ya ninka na ta fari.

Sai batun jin daɗi. A zafin Makka, wanda kan wuce digiri 40, gumi yakan taru ƙarƙashin ƙoƙon, nauyin da bai kai rabin kilo ba ya zama kaya bayan sa'a uku. Saboda haka a sa ta a kai na ɗan lokaci kafin a biya, har da tabarau, gama ƙafar tabarau takan buɗe wa ƙara ƙofa. A duba bakin wayar kuma, domin na jirgi mai saukar ungulu ɗaya ne, na ƙaramin jirgi mai fiffike kuwa galibi biyu.

Ɗalibin da ke koyon tuƙi a kwalejin Zariya, wadda aka kafa a 1964, ta fari ta ishe shi farawa. Amma wanda zai wuni a sama kullum, kada ya yi rowa: ana sake sayen na'ura, ba a sayen kunne.

Sai kuma wani makon. Ku huta lafiya.