Rawani da Kilti: Tufa Biyu da Aka Taɓa Haramtawa

Mutanen Sikotilan suna da wata tufa ta maza da suke kira kilti, watau zanen ulu mai zāne-zāne wanda ake ɗaurawa daga ƙugu zuwa gwiwa. Bahaushe in ya gan shi sai ya ce ɗaurin zanen mata ne, amma su can abin alfahari ne. Asalinsa tufar mazauna duwatsun arewa ce. Da aka murƙushe tawayensu a 1746, majalisar Biritaniya ta yi doka ta hana sa shi, ba a soke ta ba sai 1782. Shekara arba'in bayan haka, a 1822, Sarki Joji na Huɗu da kansa ya ɗaura kilti a Edinbara. Tun daga nan har mutanen kudancin ƙasar, waɗanda kakanninsu ba su ɗaura shi ba, suka ɗauke shi gādo. Masu kishin ƙasar Ailan ma sun ara wajen ƙarshen ƙarni na 19.

A ƙasar Sakkwato muna da irin wannan labari, amma hanyarsa dabam. Gab da jihadin 1804, Sarkin Gobir Nafata ya yi shela cewa kada kowa ya yi wa'azi sai Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda bai gāji Musulunci ba ya koma addinin ubansa, maza su bar naɗa rawani, mata su bar lulluɓi. Lalle Nafata ya san abin da yake yi. Rawani ne ke nuna yawan jama'ar Shehu a kasuwa da hanya, ko ba su buɗe baki ba. Da Alƙalawa ta fāɗi a 1808, masu rawanin nan su ne suka zama masu mulki. Shehu ya zauna a Sifawa har 1815, ƙanensa Abdullahi kuwa a Boɗinga. Mutumin Dandin Mahe ba ya bukatar doguwar tafiya kafin ya ga wuraren nan.

To, a nan ne tufa biyun suka rabu. Kilti ya bar duwatsu ya zama na kowa, ango ma da shi yake zuwa ɗaurin aure. Rawani kuwa, wanda ya kasance alamar jama'a, ya tattara ya koma kan sarakuna da malamai. Harshe shi ne babban shaida. Fi'ilin naɗa aikinsa na fari shi ne kewaya ƙyalle a kai, amma yau in an ce an naɗa wane, ba mai tambayar ko harsa aka sa masa ko ɗan Kura. Muƙami ake nufi. Har kwamishina, wanda takarda kawai aka miƙa masa, naɗa shi ake cewa an yi. Kishiyarsa kuma tuɓe, kamar dai riga. A ganina malamin da ke koyar da ma'anar kalmomi ba zai sami misalin da ya fi wannan ba.

Rawanin ma hawa-hawa ne. Mai kunne biyu ba na kowa ba ne, amawali kuma ba a jan sa a rufe baki sai da isa.

Alhaji Shehu Shagari ya riƙe tsarin nan sarai. An naɗa shi Turakin Sakkwato a 1962, amma da ya zama Shugaban Ƙasa daga 1979 zuwa 1983, da babbar riga da doguwar hula duniya ta san shi. Rawanin sai ranar fada.