Farin fenti: rigar da ido ba ya gani

Duk mai sayar da fenti a kasuwanninmu na iyaka, daga Ɗan Isa zuwa Jibiya, daga Birnin Ƙonni zuwa Illela, ya san wannan ƙorafi. Mutum ya sayi bokiti, ya shafe bangon gidansa fari fat, amma kafin damina biyu, in ya jingina sai ya tashi da gari a bayan riga. Daga nan sai a ce mai shafawa ya cika ruwa, ko ɗan kasuwa ya sayar da jabu. Wani lokaci haka ne. Amma sau da yawa matsalar tun daga masana'antar da ta yi garin take.

Garin da ke ba fenti farinsa sunansa titaniyom dayoksaid. Ana fitar da shi daga wani yashi mai nauyi da ake haƙowa a ƙasashe irin su Saliyo, Senegal da Mozambik, kuma Sin ce kan gaba wajen sarrafa shi. A raba milimita ɗaya gida 4,000, to kusan girman ƙwayarsa ke nan. Babu farin gari mai rufe bango kamarsa, shi ya sa ake zuba shi har cikin kujerun roba, bututun ruwa da takarda.

Sai dai yana da mugun hali. Idan rana ta doke shi, yakan sha wani sashe na haskenta wanda ido ba ya gani, sai ya shiga cin danƙon da ke riƙe da fentin. Danƙo ya mutu, gari ya saki. A ranar Maraɗi ta watan Afrilu kuwa, ba sai mun yi bayani ba.

Maganin da masana'antu suka samo shi ne su sa wa kowace ƙwaya riga. Ana dama garin a ruwa, a zuba sinadarin silika, wato dangin yashi, da na alumina, dangin sanholo. Sai a riƙa sauya tsamin ruwan a hankali har su kwanta a jikin ƙwayar. Silika ita ke shiga tsakanin ƙwaya da danƙo, alumina kuma ta hana ƙwayoyin dunƙulewa. Wasu kan ƙara zirkoniya. Bayan an wanke an busar, ana niƙa shi da tururi mai ƙarfi, tare da ɗan wani sinadari da zai sa ya gauraya da ruwa, ko mai, ko roba. Don haka garin da aka yi domin roba ba lalle ya dace da fentin ruwa ba, ko da farinsu ɗaya.

Ga inda muke son masu saro garin da buhu su buɗe ido. Mun saba da cewa kaya mai kashi 98 ya fi mai kashi 93. A nan ba haka ba ne. Ragowar kashin ai rigar ce. Ma'aunin duniya na ISO 591 ya kasa nau'in da ake kira rutil gida uku: R1 aƙalla kashi 97, R2 aƙalla 90, R3 aƙalla 80. Garin fentin waje galibi R2 ne ko R3. Wanda aka rubuta wa A kuwa anatas ne, ya fi saurin saki a rana, wurinsa cikin ɗaki ko takarda.

A bokitin da aka riga aka haɗa ba za a ga waɗannan lambobi ba, kuma mai arha yakan cika da alli, ga ƙarancin danƙo. Abin da ya rage wa ɗan kasuwa shi ne ya duba ko an rubuta na ciki ne ko na waje, ya kuma faɗa wa mai saye gaskiya. Wanda zai ɗauki sabon samfuri da yawa, ya fara shafa shi a kan bulo, ya ajiye a rufin shago, bayan watanni ya goga da baƙin ƙyalle ya gani.