Gadon jariri: Yadda iyaye a Kafanchan za su sami mai araha kuma mai aminci

A yawancin gidajen Kafanchan da ƙauyukan da ke kewaye da ita, idan ciki ya shiga wata na bakwai sai lissafi ya tashi. Za a tanadi kuɗin asibiti da zannuwa da bahon wanka da hidimar suna, ko ta kai jariri coci idan iyalin Kirista ne. A ƙarshen jerin ne ake tunawa da wurin kwanciyar sabon baƙo, alhali kuwa jariri sabon haihuwa yakan yi barcin sa'a 14 zuwa 17 a kowace rana. Babu wani kaya da zai daɗe a jikinsa kamar shimfiɗar da aka kwantar da shi a kai.

A da, maganar ba ta da wuya. A tsakanin Hausawa da Fulani da Bajju da Atyap da Ham da Fantswam da sauran al'ummomin Kudancin Kaduna, jariri yana yini a bayan uwa, ya kwana a gefenta. Yanzu kuwa gadon jariri ya shiga cikin kayan da ake ganin ya kamata a mallaka, musamman a gidajen ma'aikata da matasan ma'aurata, a daidai lokacin da aljihu ya fi ƙuntata.

Lissafin aljihu

Tun bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin dakon kaya daga Kaduna ko Jos ko Abuja zuwa Kafanchan ya ƙaru, faɗuwar darajar Naira kuma ta ɗaga farashin duk wani abin da ake shigowa da shi daga waje. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a watan Disambar 2024. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa, wanda aka sanya wa hannu a watan Yulin 2024, Naira 70,000 ne, kuma ba abin mamaki ba ne a ga gadon jariri ɗan waje da kuɗinsa ya zarce wannan adadi.

Manoman yankin kuma suna da nasu ciwon. Cutar da ta afka wa gonakin citta a daminar 2023 a ƙananan hukumomin Kachia da Jaba da Kagarko ta cinye jarin gidaje da dama da suka saba yin manyan sayayyarsu bayan an haƙe citta. Ga irin waɗannan iyalai, duk Nairar da aka kashe a kan gado an rage ta ne daga abincin mai jego ko kuɗin magani.

Hanyoyi huɗu ne a gaban mai nema: sabon gado na shago, gadon gwanjo, wanda kafinta ko mai walda zai ƙera, da kuma gadon aro daga 'yan uwa. Kowanne yana da amfaninsa da haɗarinsa, kuma ma'aunin da ake auna su da shi ɗaya ne.

Ma'aunin da ba ya canzawa

Likitocin yara sun daɗe da gano cewa yawancin haɗarin da jariri ke fuskanta a wurin barci yana zuwa ne daga toshewar numfashi, ko maƙalewar kai da wuya, ko kuma mutuwar farat ɗaya cikin barci, wadda ta fi faruwa kafin jariri ya cika wata shida. A 1992 Ƙungiyar Likitocin Yara ta Amurka ta ba da shawarar a daina kwantar da jarirai rub-da-ciki, a 1994 kuma aka fara gangamin wayar da kai a kan kwantar da su rigingine. Cikin shekaru kaɗan yawan irin wannan mutuwa a ƙasar ya ragu da kusan rabi, ba tare da an sayi wani kaya mai tsada ba.

Daga irin waɗannan darussa aka fitar da ƙa'idojin da kowane gado ya kamata ya cika. Tazarar da ke tsakanin sandunan gefe kada ta wuce santimita 6. Idan gwangwanin lemo ya iya ratsawa ta tsakaninsu, to jikin jariri ma zai iya zamewa ya bar kai a maƙale. Katifa ta kasance mai tauri, shimfiɗe daidai babu gangare, ta cika gadon ta ko'ina, yadda ba za a iya cusa fiye da yatsu biyu tsakaninta da jikin katako ba. Daga saman katifa zuwa bakin gado kada tsayin ya gaza santimita 50 idan yaro ya fara miƙewa. Ginshiƙan kusurwa kada su yi tsini ko su ɗara sauran gefen, domin riga ko igiyar laya na iya sarƙewa a jikinsu. Haka kuma allon kai da na ƙafa kada a huda su da zanen ado mai rami.

Abin lura shi ne, babu ɗaya daga cikin waɗannan sharuɗɗa da ke buƙatar kuɗi mai yawa. Abin da ke ƙara wa gado tsada shi ne labule da ƙararrawa da tayoyi da matasan kai masu hoton dabbobi, kuma wasu daga cikinsu su ne ma haɗarin.

Tarkon gwanjo

Kayan gwanjo sun daɗe suna rufa wa talaka asiri, amma a kan gadon jariri akwai buƙatar taka-tsantsan. A 2011 hukumar kare lafiyar masu sayen kaya ta Amurka ta haramta ƙerawa da sayar da gadon da gefensa ɗaya ke zugewa sama da ƙasa, bayan jarirai da dama sun mutu sakamakon maƙalewa a ramin da ke buɗewa idan maƙallin ya karye. A 2019 kamfanin Fisher-Price ya janye kimanin miliyan 4.7 na wata shimfiɗar jarirai mai gangare da ake kira Rock 'n Play. A 2022 kuma aka kafa doka a ƙasar da ta hana sayar da shimfiɗu masu gangare da kuma matasan da ake ɗaurawa a jikin sandunan gado.

Kayan da aka kora daga kasuwa a wata ƙasa ba sa ɓacewa daga duniya, kuma mai sayar da gwanjo ba lallai ne ya san tarihin abin da ya fito daga dilarsa ba. Saboda haka duk wanda zai sayi na hannu, ya sa a haɗa masa shi a gabansa, ya girgiza shi da ƙarfi, ya ƙirga notuna, ya duba ko akwai tsagewa. Gadon da aka cike gurbin notinsa da waya ko igiya, barinsa ya fi alheri. Tsohuwar katifa kuwa a bar wa mai ita, domin takan lotsa a tsakiya, ta riƙe danshi, ta kuma ɓoye kuɗin-cizo. Wannan sharaɗi ya shafi gadon aro ma, ko da daga ɗakin yaya ko gwaggo ya fito.

Wurin kafinta

Kafanchan gari ne da ya bunƙasa bayan isowar layin dogo a 1927, ya tara masu sana'a daga sassa daban-daban na ƙasar nan, kuma har yau rumfunan kafintoci da masu walda ba su da wuyar samu. Yankin yana da albarkar itace, ga gandun dajin Nimbia da aka shuka itatuwan tik, ga kuma malaina da ake samu a wuraren sayar da katako. Ga mafi yawan iyalai, nan ne araha da inganci za su iya haɗuwa, muddin mai saye ya je da awo a rubuce.

Matsalar ita ce, kafinta da yawa da ido suke aiki, kuma rage yawan sanduna yana rage musu kuɗin katako. Don haka wajibi ne a faɗa masa tazarar santimita 6 tun kafin ya ɗora zarto, a kuma auna kafin a cika masa kuɗi. Dabara mafi sauƙi ita ce a fara sayen katifa mai tauri, sannan a ƙera gadon daidai da ita. Gadajen waje sukan ɗauki katifa mai tsawon kusan santimita 130 da faɗin 70, amma mai ƙaramin ɗaki yana iya rage wannan.

A nemi busasshen katako, domin ɗanye yakan karkace ya tsage idan hunturu ya kama, ƙusoshi su fito. A goge ko'ina da samfefa har hannu ya daina jin kaushi. Notuna sun fi ƙusa, saboda ana iya ƙara ɗaure su, ana kuma iya kwance gadon idan za a sauya gida. Idan an yi gindin da hawa biyu, za a ɗaga shi sama a watannin farko don sauƙaƙa wa uwa sunkuyo, a sauke shi ƙasa da zarar yaro ya fara zama.

Sai batun fenti. Yaro mai haƙori yakan gwaguyi bakin gado, kuma an sha samun gubar dalma a cikin fentin mai, musamman launin rawaya da ja da ruwan lemo. Arewacin Najeriya ya san illar dalma tun bala'in Zamfara na 2010, inda yara sama da 400 suka rasu sakamakon ƙurar ma'adinai. Ko kaɗan ce ta shiga jikin yaro tana iya taɓa ƙwaƙwalwarsa har abada. Mafi aminci shi ne a bar katakon yadda yake bayan an goge shi, ko a yi amfani da fentin ruwa wanda aka rubuta a jikin gwangwaninsa cewa babu dalma. A kuma hana kafinta shafa baƙin mai ko maganin gara a inda bakin yaro zai kai. Gama aikin da wuri, kamar wata guda kafin haihuwa, yana ba wari damar fita.

Sauro da sanyin hunturu

Kudancin Kaduna ya fi arewacin jihar samun ruwan sama, damina tana daɗewa, sauro kuma yana yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa kimanin kashi ɗaya bisa huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya a Najeriya suke, kuma yara 'yan ƙasa da shekara biyar ne suka fi mutuwa. Saboda haka a wannan yanki gado bai cika ba sai da gidan sauro. Labulen ado da ke zuwa tare da wasu gadaje ba shi da magani a jikinsa. Gidan sauro mai magani, irin wanda ake bai wa masu juna biyu a wurin awo, shi ya fi, a rataye shi sama sosai, a cusa bakinsa ƙarƙashin katifa yadda ba zai faɗo a fuskar jariri ba.

Lokacin sanyi, musamman a garuruwan da ke gindin duwatsu irin su Kagoro da Manchok, iyaye sukan lulluɓe jariri da barguna. Ya fi kyau a sa masa tufafi masu ɗumi daidai jikinsa, a bar gadon babu filo, babu bargo mai nauyi, babu 'yartsana. Kaskon gawayi da ake shiga da shi ɗakin mai jego yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, don haka kada a kwana da shi a rufaffen ɗaki. Hayaƙin taba da na maganin sauro na kunnawa ma a nisanta su da jariri.

Idan kuɗin bai kai ba

Rashin gado ba abin kunya ba ne. A ƙasar Finland, tun 1938 gwamnati take bai wa masu juna biyu kwali cike da kayan jarirai, da 'yar katifa a gindinsa, jarirai da yawa kuma a cikinsa suka yi barcinsu na farko. Daga 1949 aka game kyautar ga kowace uwa, bisa sharaɗin ta je awon ciki da wuri, kuma masana suna ganin zuwa awon ya taka rawa babba wajen raguwar mutuwar jarirai. A New Zealand, al'ummar Maori sun farfaɗo da saƙar kwandon jarirai da suke kira wahakura, wanda ake iya ajiyewa a kan gadon iyaye.

Kwali ba zai jure danshin daminar Kafanchan ba, amma kwando mai faffaɗan gindi da masaƙan gida za su iya yi, da siririyar katifa mai tauri daidai cikinsa, zai wadatar har zuwa lokacin da jariri zai fara juyawa, wato wajen wata huɗu zuwa biyar. Wannan yana bai wa iyali damar yin adashi ko jiran kaka kafin su je wurin kafinta.

Likitoci suna son jariri ya kwana ɗaki ɗaya da uwarsa aƙalla wata shida na farko, a shimfiɗarsa dabam kusa da ita, domin shayarwa ta yi sauƙi. Inda dole ta sa aka haɗa gado, akwai yanayin da haɗarin ke ninkuwa: idan jaririn bakwaini ne ko an haife shi da ƙarancin nauyi, idan ɗaya daga cikin iyayen yana shan taba, ko ya sha giya ko maganin da ke sa barci, ko kuma akwai wasu yara a kan gadon. Barci da jariri a kan doguwar kujerar falo ya fi duk waɗannan haɗari.

Gado nagari yakan kai yaro har tsayinsa ya kusa santimita 90 ko ya fara yunƙurin haurawa, yawanci tsakanin shekara biyu zuwa uku. Idan katakon mai kyau ne, ƙannensa ma za su more shi, sai dai a sauya katifa, a kuma sake ɗaure notuna kafin a kwantar da kowane sabon jariri. Mai shirin zuwa rumfar kafinta ko shagon kayan yara ya tafi da tef ɗin awo da gwangwanin lemo a jakarsa, ya gwada gadon a gaban mai shi kafin a fara ciniki.