Talabijin a Damazin: Wa Ke Yi wa Matasa Shiri?

Tun 1971 madatsar ruwa ta Rusairis take ba Sudan wutar lantarki, amma a ƙauyuka da yawa da ke gefen tafkinta janareta ko sola ne ke kunna talabijin. Shi ya sa kallo a wannan yanki ya zama abin taro. A Damazin da Rusairis da garuruwan da ke bin kogin Shuɗin Nilu har Mai Wurno, mai akwatin talabijin da farantin tauraron ɗan'adam yakan kafa rumfa, ya jera benci, ya karɓi 'yan kuɗi a bakin ƙofa. Masu cika irin wannan gidan kallo galibi samari ne, daga ɗan shekara 13 zuwa sama. Ƙannensu mata da yayyensu kuwa suna gida, ko gidan maƙwabta, suna jiran lokacin wasan kwaikwayo mai dogon zango.

Kallo kam ana yi. Abin tambaya shi ne, cikin duk abin da ke fitowa a allon, wanne aka shirya domin su?

Ƙananan yara sun samu nasu rabon. Gidan talabijin na Sudan, wanda ya fara aiki a Umdurman a farkon shekarun 1960 da taimakon Jamus ta Yamma, ya daɗe yana gabatar da Jannatul Aɗfal, shirin da iyaye da dama suka tashi da shi. Da faranti ya yaɗu sai tashoshin Larabci suka yi yawa: Spacetoon a 2000, MBC 3 a 2004, Ɗuyurul Janna daga Jordan a 2008. Spacetoon ta yi wani aikin da ba a cika yaba mata ba. Da Larabcin littafi ake fassara zane-zanenta, don haka yaron da ake Hausa a gidansu, ake Larabcin Sudan a kasuwa, yakan saba da yaren makaranta tun kafin ya shiga aji. Sai dai iyakar waɗannan tashoshi ba ta wuce ƙuruciya. Ko tashar Jeem ta Ƙatar, da aka tsara wa yaran da suka ɗan tasa, a shekara 12 ta tsaya.

Daga nan sai a tsallaka kai tsaye zuwa shirye-shiryen manya. Saurayi ya koma ƙwallon Turai a beIN Sports, wadda ba a kamawa sai da kuɗi, kuma ita ce ma ke riƙe da gidajen kallo. Budurwa ta koma finafinan Indiya da aka juya zuwa Larabci a Zee Aflam da MBC Bollywood, da wasannin Turkiyya waɗanda suka mamaye gidaje tun lokacin da MBC ta nuna Nur a 2008 da karin harshen Siriya. Ba laifi ba ne mutum ya huta da ƙwallo ko labarin soyayya, kuma wanda ya wuni a gona ko a kan kwalekwale ya cancanci hutun. Amma yarinyar da ake maganar aurenta tana ajin farko na sakandare ba za ta ga damuwarta a gidajen alfarma na bakin tekun Istanbul ba. Haka yaron da ke tunanin ajiye littafi ya tafi haƙar zinariya, ba wani shiri da zai zauna da shi a kan wannan shawara, ya nuna masa waɗanda suka tafi da abin da suka dawo da shi.

Ga ɗan Bahaushe akwai ƙarin giɓi. Hausawa sun fi ƙarni guda a wannan ƙasa. Wasu mahajjata ne da suka yada zango a hanyar Makka, wasu kuma sun biyo Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, bayan yaƙin Burmi na 1903. Guminsu yana cikin audugar Jazira tun bayan gina madatsar Sinnar a 1925, kuma daga cikinsu Aisha al-Fallatiya ta fito, wadda ta buɗe wa mata ƙofar waƙa a Rediyon Umdurman a shekarun 1940, ta kuma yi waƙa da Larabci da Hausa. Duk da haka da wuya matashi ya ga irin gidansu a allon ƙasa, sai fa in an zo nuna rawar gargajiya. Akwai tasha mai farin jini da ta ɗauki sunan kogin, wato An-Nil al-Azraƙ, wadda shirinta na azumi, Agani wa Agani, ƙarƙashin marigayi As-Sir Gaddur, ya tara iyalai shekara da shekaru. Amma a babban birni aka kafa ta, kuma rayuwar babban birni ta fi nunawa.

Sai matashin ya juya yamma. Finafinan Kano sun daɗe suna isowa, da farko a faifai, yanzu a katin waya da YouTube. Arewa24, da aka buɗe a 2014, ta kawo Daɗin Kowa da Kwana Casa'in, ga kuma Labarina na Aminu Saira. Amfanin wannan a fili yake: yaron da Larabci ke neman cinye masa Hausa yana jin harshen kakanninsa a bakin matasa irinsa, masu waya da makaranta da soyayya. Daɗin Kowa ma ya taɓo shaye-shaye da almajiranci da halin 'yan gudun hijira, abubuwan da ba baƙi ba ne a Shuɗin Nilu. Amma labaran na Arewacin Nijeriya ne. Ba su san jarrabawar shahada ta gama sakandare a Sudan ba, ba su san abin da ake ji in an ce wa wanda aka haifi kakansa a Sinnar ya kawo shaidar zama ɗan ƙasa ba.

Wannan rashi ya nuna illarsa a 2022. A watan Yuli rikici ya ɓarke tsakanin Hausawa da wasu maƙwabtansu a kan ƙasa da sarautar gargajiya, aka kashe fiye da mutum 100 a Rusairis da kewaye, sannan a Oktoba aka yi wani mafi muni a Wad al-Mahi. Kalaman ƙiyayya sun yi ta yawo a Facebook da WhatsApp, kuma matasa ne suka fi karanta su, su ne kuma aka fi turawa gaba. Yaran ƙabilun Berta da Hamaj da na Hausawa suna iya zama benci ɗaya su yi wa Real Madrid ihu tare, amma allon da ya tara su bai taɓa ba su labarin yadda suka zama maƙwabta ba.

Bincike ya nuna talabijin na iya sauya halin matashi, kuma ba kullum ta inda ake so ba. A kudu maso yammacin Nijeriya an gwada wasan MTV Shuga a kan dubban matasa, bayan wata takwas aka tarar waɗanda suka kalla sun kusan ninka sauran wajen zuwa gwajin cutar ƙanjamau. A Tanzaniya kuwa, shirin Ruka Juu na 2011 ya ƙara wa ɗaliban sakandaren Darussalam sha'awar sana'a, amma sakamakon karatunsu ya ja baya. Wanda zai yi wa matasa shiri sai ya san abin da yake zugawa a zukatansu.

Yaƙin da ya fara ranar 15 ga Afrilu 2023 ya ƙara dagula lamarin. Dakarun RSF, masu yaƙi da sojojin ƙasa, sun riƙe ginin rediyo da talabijin na Umdurman kusan shekara guda, sai a Maris 2024 sojoji suka karɓe shi, tashar ƙasa kuma ta koma aiki daga Port Sudan, labarin fagen daga ya cinye mata lokaci. Wad Madani, inda aka kafa talabijin na Jazira a shekarun 1970 domin manoma da mutanen karkara, ta faɗi a Disamba 2023. Sinja ta bi baya a tsakiyar 2024, hanyar Damazin ta yanke na watanni. A Oktoba 2023 UNICEF ta ce yara kimanin miliyan 19 ba sa zuwa makaranta a Sudan, kuma ɗaliban da ya kamata su zana jarrabawar shahada a 2023 sai a ƙarshen Disamba 2024 suka samu zama. A irin wannan lokaci ne ya kamata faranti ya zama aji, domin saƙon tauraron ɗan'adam yana sauka ko an katse intanet, kamar yadda aka yi a Fabrairu 2024.

Abin da ake buƙata bai fi ƙarfin yankin ba. Malaman lissafi da kimiyya suna nan cikin waɗanda yaƙi ya koro zuwa Damazin, Jami'ar Shuɗin Nilu tana garin, kuma wayar hannu ta isa ɗaukar darasi ko gajeren wasa da Larabci da Hausa da Berta. Gidajen kallo ba su da ciniki sosai da hantsi, kafin a fara wasannin ƙwallo. Mai rumfa zai iya sa katin darasi a waɗannan sa'o'i in hukumar ilimi ko wata ƙungiya ta ɗauke masa kuɗin man janareta, a kuma ware wa 'yan mata ranakunsu, tunda yawancin iyaye ba za su bar su shiga taron samari ba.